An aike ni duba akwatin sa'a

Ko zan manta komai a rayuwata, ban da wata ranar Alhamis da aka miƙo mini makirfo a tsakar makarantar Islamiyyar unguwarmu. Shekara uku ke nan, amma har yau in na ji ana hura lasifika kafin taro, sai ranar ta dawo mini.

Ni haifaffiyar Ƙofar Ran ce, kuma gidanmu gidan malamai ne. Mahaifina ya fi shekara arba'in yana ba da karatu a zaure, har idonsa ya yi rauni, ya koma sai dai a karanta masa ya gyara. Ni da safe ina koyarwa a firamare, da yamma kuma ni ke riƙe da ajin matan aure. Maigidana yana aiki a wata ƙaramar hukuma, sai ƙarshen mako muke ganinsa. A lokacin ina da wani hali da ban san ina da shi ba sai daga baya: duk wanda na ga wani abu ya ruɗe shi, sai in ce a raina ƙarancin karatu ne ya jawo masa.

Abin ya faro ne daga ƙorafin matan ajina. Kusan kullum kafin mu buɗe littafi sai wata ta kawo kukan ɗanta. Wannan ta ce ta aiki nata da kuɗin niƙa ya dawo da dawar a ka, waccan ta ce nata ya sayar da takalmin sallarsa. Wata ma ta rage murya ta ce ita ba ɗa ba ne matsalarta, uban 'ya'yan ne. Duk a kan wani wasan harbe-harbe na waya ne. Shi wasan kyauta ake yinsa, amma a cikinsa akwai abin da yaran ke kira akwatin sa'a. Za ka biya kuɗi a ba ka wasu duwatsu da suke ce wa dayamon, da su za ka buɗe akwatin, kuma ba ka san abin da ke ciki ba sai ya buɗe. Wani lokacin riga ce ta ƙawa ko bindiga mai ado, mafi yawan lokuta kuwa tarkace ne. Da yake yaran ba su da katin banki, sai su kai kuɗinsu wurin wani matashi mai shagon cajin waya da POS a bakin titi, shi ya loda musu.

Da ƙorafi ya yi yawa, mai unguwa ya tako da kansa har zauren mahaifina. Tambayarsa ɗaya ce: abin nan caca ne ko ba caca ba ne? In caca ne, zai hana mai shagon sayar da shi a unguwa. Baba ya ce masa a gidan nan ba a yanke hukunci a kan abin da ba a gani ba, tun kakanni haka ake yi. Ko rigimar iyakar gona aka kawo, sai an taka an je gonar. Shi kuwa idonsa ba ya ganin waya, don haka 'yarsa za ta duba masa, duk abin da ta faɗa shi ya faɗa. Aka sa mako uku, a tara iyaye maza da mata in yi bayani.

Ranar da Baba ya gaya mini, kaina ya yi girma ba kaɗan ba. Har sabon littafin rubutu na saya don bincike.

Na sauke wasan a wayata bayan azahar. Wajen harbin dai ban tsinana komai ba, kafin in gane gabas da yamma an bindige ni. Na yi tsaki na ce yanzu a kan wannan shirmen yara ke sata? Sai ga wani akwati ya bayyana, aka ce kyauta ne ga sabon shiga. Na taɓa. Ya girgiza, haske ya fito, kayayyaki suka fara gudu a jere suna wucewa da wani sauti mai daɗi, suna rage gudu a hankali. Wani farin shaho ya zo daidai tsakiya, na ce shi ke nan ya tsaya, sai ya gota kaɗan, abin ya tsaya a kan wata koriyar hula. Na ji wani abu ya tsarga mini tun daga ƙirji har yatsun ƙafa. Na ɗauki biro na rubuta cewa an shirya abin ne don mutum ya ga kamar saura ƙiris. Kun ji fa, tun ranar farko na gane dabarar, har na rubuta ta da hannuna.

Washegari na ce wa kaina bincike ba zai cika ba sai na biya kuɗi na ji yadda mai biya yake ji. Na zura hijabina na tafi shagon, na ɗaga murya yadda na kusa za su ji cewa Malam ne ya sa ni bincike. Matashin ya yi dariya cikin ladabi, don shi ma a zaurenmu ya yi karatun allo. Ya loda mini, ya ce ba sai na riƙa wahalar takowa ba, in ina bukata in tura masa kuɗin ta waya kawai. Na ce masa ai sau ɗaya ne. Ya ce to Malama, amma dai ga lambar.

Ban san me zan yi da shahon nan ba. Ba ya harbi, ba ya kare mutum, kafaɗar ɗan wasan kawai yake hawa ya riƙa buɗe fukafukai. Ni da ko gudu ban iya ba a cikin wasan, amma na wayi gari ba abin da nake so a duniya kamarsa. A ƙasan akwatin akwai wani layi da ke cika kaɗan-kaɗan duk buɗewa, a sama kuma ga agogo yana ƙirga kwanakin da suka rage kafin a ɗauke shahon. In na buɗe biyar ban samu ba, sai in ce asara ce in tsaya yanzu bayan layin ya kai rabi. In na tura kuɗi, sai in goge saƙon banki nan take, kamar in na goge shi kuɗin zai dawo.

Cikin mako biyu na ƙona shinkafa sau uku. Azkar ɗin da nake yi bayan salla ya koma na gaggawa, ina sallamewa idona na kan waya. A firamare, lokacin tara sai in ce kaina na ciwo, in zauna ni kaɗai a aji. Kuɗin da nake tarawa na ragon layya ya narke har ban ƙara son buɗe asusun in gani ba. Littafin binciken kuwa shafin farko ne kawai ke da rubutu. Da yamma in zauna gaban mata ina musu nasiha a kan tarbiyya, wayar tana cikin jaka tare da littattafai, ina jin ta a jikin cinyata kamar garwashi.

Saura kwana huɗu taro, na sauko daga keke a bakin titi, sai na ji an ce, "Malama, ina wuni." Mai shagon ne, ya ɗan rusuna. Muka gaisa, ya tambayi jikin Malam. Sannan ya ce ya ji an ce ranar Alhamis za a yanke masa hukunci.

Na ce ba shi za a yanke wa ba, wasan ne.

Ya ce, "Ai duk ɗaya ne, Malama. Caji da POS yanzu kowane lungu akwai. Abin nan shi ke riƙe da shagon, da shi nake ciyar da tsohuwata. Kuma ni ban taɓa jawo hannun kowa ba, ke shaida ce."

Sai ya juyo mini da fuskar wayarsa. Sunana ne a jere, sama da ƙasa. Ya sa babban yatsa ya ja, sunana ya ci gaba da zuwa. Ya sake ja, bai ƙare ba. Ni na goge nawa, shi bai goge nasa ba.

"Ni ba zan tona kowa ba," in ji shi. "Amma in manya suka ce yara nake cuta, dole in nuna ba yara kaɗai ke saye ba. Ba zan yi ƙarya a gaban Malam ba."

Bai ɗaga murya ba, bai ɓata fuska ba. Har shawara ya ba ni kyauta: wai ai caca ita ce wadda mutum zai tashi hannu wofi, shi kuwa akwati ko yaya ne sai ka fita da wani abu, ko da hula ce. Na ce masa zan duba. Yadda na kai gida ban sani ba.

Kwana huɗun nan ban ci abincin kirki ba. Ba kuɗin ne ya dame ni ba, kuɗi nawa ne, ba na wani ba. Abin da ke cina shi ne sunan Baba. Mutumin da ya ce wa mai unguwa duk abin da 'yata ta faɗa ni na faɗa. Ina hango yadda za a riƙa ba da labari a gidajen suna da wuraren niƙa: 'yar Malam da aka aika ta duba caca, ita ce babbar kwastoma. Ina hango matan ajina, waɗanda na sha yi wa faɗa a kan sakaci, suna kallona ta ƙasan ido. In na ji sallama a ƙofar gida sai in ce shi ke nan magana ta fita.

Sai na yi abin da mai ɗan karatu yake yi in ya so ya tsere: na nemo wa kaina kalmomi. Na zauna na tsara bayani mai santsi. Na rubuta cewa al'amarin sabo ne, akwai shubuha a cikinsa, barinsa ya fi, amma ba za a gaggauta kiransa caca ba tunda mai saye ba ya fita hannu wofi. Na rufe da cewa nauyin yana kan iyaye, su sa ido a kan 'ya'yansu. Wato na ɗauki laifin na mayar wa matan da suka kawo kuka. Na karanta shi sau da yawa, babu ƙarya ƙarara a ciki, babu gaskiya kuma.

Ranar Laraba na kai wa Baba kunu. Da yake sunan mahaifiyarsa gare ni, Uwata yake kirana. Ya ce, "Uwata, kin gani?" Na ce na gani, Baba. Na jira ya ce in karanta masa, ina fata ina kuma tsoro. Bai ce ba. Addu'a kawai ya yi mini, Allah ya ba ni ikon faɗin abin da na gani, ya ci gaba da shan kununsa.

Aka yi taron bayan la'asar. Maza suna gaba a kan tabarmi, mu mata muna baya, an ja labule a tsakani. Ba na ganin kowa a cikinsu, murya kawai nake ji. Mai unguwa ya buɗe da addu'a, iyaye biyu suka yi magana, sannan aka ba mai shagon dama. Ya yi bayani a natse, ya ce shi ɗan kasuwa ne, kuma yana da kwastomomi manya masu mutunci waɗanda ba zai so ya ambata ba. Ta kusa da ni ta taɓa ni ta ce, Malama, ko su waye haka? Na ce Allah masani.

Sai aka miƙo makirfo ta gefen labule.

Na karanta takardata. Muryata tana fita ta lasifika tana dawo mini kamar ta wata mata da ban sani ba. Da na zo wurin shubuha, na ji mata sun fara motsi. Da na ce nauyi yana kan iyaye, wadda ɗanta ya sayar da takalmi ta sunkuyar da kai, ta ja hijabi ta rufe fuska. Daga can ɓangaren maza na ji wani ya yi gyaran murya irin ta wanda hankalinsa ya kwanta, kuma na san mai shagon ne. Na ninke takarda na ce a raina na tsira.

A ajina akwai wata dattijuwa mai sayar da nono, mutuniyar wajen Zungur ce, ta dawo gari wurin ɗanta. Karatu yana yi mata wuya, shekara biyu tana fama da ƙananan surori, amma duk abin da ya shiga kunnenta ba ya fita. Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa kai ne. Ba ta nemi makirfo ba, daga inda take zaune ta ɗaga murya.

"Malama, ban gane ba. Ba kai ne ka koya mana ba a sayar da ɗan da ke cikin saniya ba? Ka ce ko an biya, ciniki bai yi ba, don ba a san mace ne ko namiji ba, mai rai ne ko matacce. Har na je na hana yarana. To shi wannan akwati, mai biya ya san abin da ya saya?"

Ba da gatse ta yi ba, so take ta fahimta. Ta zuba mini ido tana jira, irin jiran da take yi in na ce ta maimaita aya. Na san Baba yana bayan labulen nan a zaune, bai fi taku biyar ba, yana sauraron abin da zai fito daga bakin da ya ce nasa ne. In na ce mata da bambanci, ta yarda, don ba ta taɓa musa mini ba. Za ta koma gida da ƙaryata ta riƙe ta kamar yadda ta riƙe waccan gaskiyar. Wannan ne na kasa.

Na ce, "Inna, bai sani ba. Takardar nan da na karanta, ku yi watsi da ita."

Daga nan ban san ta ina maganar ta riƙa fitowa ba. Na ce caca ce, kuma ba a littafi na gano ba. Na ce manyan kwastomomin da aka ambata ɗazu, ni ce ta farkonsu. Na faɗi yadda na fara da na kyauta, yadda na rubuta dabarar da hannuna kuma ta kama ni duk da haka, da ragon layya, da saƙonnin da nake gogewa. Na ce na tsara bayanin farko ne don in rufa wa kaina asiri. Na roƙi iyayen yaran su yafe mini ɗora musu laifi da na yi, kuma su sassauta wa 'ya'yansu, don abin da ya ja ni ina da shekara talatin da ɗoriya ba zai bar ɗan shekara goma sha huɗu ba. Ina gamawa na ajiye makirfon a ƙasa, ya yi wata ƙara, ba wanda ya ɗauka.

Mai unguwa ne ya fara magana, bayan ya daɗe yana salati. Ya hana lodin dayamon a unguwa, ga yaro da babba. Ya ce ya san ikonsa iyakarsa unguwar nan, wanda ya matsu zai hau keke ya tafi Yelwa, sauran aikin na hukuma ne da masu yin wasan, amma shi dai ba za a yi a ƙofar gidansa ba. Mai shagon kuwa ban riƙe shi a zuci ba, abincinsa yake karewa, ni kuwa sunana nake karewa, ban ga wanda ya fi wani ba.

Abin da na ji tsoro bai fasa zuwa ba. Kwamitin makaranta ya ba wata malama ajina na tsawon zango guda, wai in huta. Mata huɗu ba su dawo ba ko bayan na koma. Maigida ya yi mako biyu daga i sai a'a. Har yau akwai masu ce mini Malama mai akwati in na ba da baya, wasu ma ba sa jira in ba da bayan.

Amma abin da ya fi tsaya mini ya faru ne a ranar, kafin magariba. Na bi Baba zaure na durƙusa a gabansa. Yana zaune yana jan carbi. Ana cikin haka wayata ta yi ƙugi a jaka. Na san sautin. Wasan ne ke sanar da ni saura 'yan awanni a ɗauke shahon, kuma an rage kuɗin akwati. Wallahi kafin in yi tunani hannuna ya riga ya shiga jakar, yatsana yana neman inda zai taɓa. Ni da na gama kuka a gaban unguwa guda ko awa ɗaya ba a yi ba.

Baba ba ya gani, amma kunnensa ras. Ya ce, "Shi ne?"

Na ce, "Shi ne, Baba."

Sannan ya ce, "Ni na aike ki, ban tambayi yadda za ki dawo ba. Kawo ta nan, Uwata."

Na miƙa masa da hannu biyu, kuma sai da ya ɗan ja kafin na saki. Ya ɗaga buzunsa ya tura ta ƙarƙashi, ya laluba aljihu ya ba ni tasa ƙaramar mai madannai. Kwana arba'in wayata ta yi a wurinsa. A makon farko na je da dalilai kala-kala, wai sakamakon ɗalibai na ciki, wai lambar wance. Kowane zuwa sai ya ce in zauna in karanta masa shafi biyu, in tashi in tafi.

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi. Da ina ganin in mutum ya san abu mugu ne, ya tsira. Ni na sani, na rubuta, na faɗa ta lasifika, hannuna bai ji ko ɗaya ba. Shi ya sa yanzu in ana gardamar ko ya kamata a sa wa irin waɗannan wasanni doka, wani ya ce a bar kowa da hankalinsa, ba na yi masa musu da yawa. Nakan ce masa kawai ni ma da hankalina a ranar, da karatuna, da tsoron Allah daidai gwargwado, amma ban tsaya ba sai da aka karɓe wayar daga hannuna.